Tarihin James Naismith: Marayan Da Ya Ƙago Ƙwallon Kwando Amma Ya Fi Ganin Girman Kokowa

Duk shekara idan watan Maris ya kama, ƙasar Amurka takan ɗauki zafi saboda gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wasan nan da matasanmu suka fi sani da basket. Gasa ce ta sili-ɗaya-ƙwale, wanda aka doke sau ɗaya ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, kuma cikin mako uku ake fitar da zakara. Ma'aikata a ofisoshi sukan cika takardun hasashe tun kafin a fara, kowa yana cewa makarantar kaza ce za ta kai labari. Inda duk ake irin wannan kallo ba a rasa gardama a kan wane wasa ne ya fi wahala. Mu ma gardamar ba baƙuwarmu ba ce, don idan ciniki ya lafa a rumfa za ka ji wani ya ce kokowa, wani ya ce dambe, yaran shago kuma su ce tamaula. To, mutumin da za mu kawo tarihinsa a yau ya gwada wasanni masu yawa da jikinsa, ya auna su a matsayinsa na likita, sannan ya ƙago nasa. Sunansa Dokta James Naismith.

An haife shi ranar 6 ga watan Nuwamba na shekarar 1861 a kusa da garin Almonte da ke yankin Ontario na ƙasar Kanada. Asalin iyayensa mutanen Sikotlan ne. A shekarar 1870, yana da shekara 9, zazzaɓin taifod ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa cikin ƴan makonni, ya bar shi da yayarsa da ƙanensa. Kakarsu ta riƙe su, bayan ita ma ta rasu riƙon ya koma hannun kawunsu Peter Young, manomi wanda bai san wasa da aiki ba. A hannunsa James ya koyi noma da saran itace da korar dawakin jan kaya cikin dusar ƙanƙara. Yana wajen shekara 15 ya ajiye karatu ya shiga daji aikin katako. Sai da ya kai wajen shekara 20 sannan ya koma aji ya zauna tare da ƙannen bayansa, ya gama sakandare a 1883.

Akwai wani wasan yara da ya yi a ƙauye wanda ya kamata mai karatu ya riƙe shi, don za mu dawo kansa. Yaro ɗaya zai ɗora ɗan dutse a kan wani babban dutse ya tsaya yana gadi, sauran kuma su riƙa jifa daga nesa don su kaɓo shi. Wanda ya yi jifa dole ya je ya ɗauko dutsensa ba tare da mai gadi ya taɓa shi ba. Yaran sun gane cewa idan ka wurga da ƙarfi kai tsaye, dutsenka zai yi nisa, mai gadi ya kama ka wajen ɗaukowa. Amma idan ka cilla shi sama a hankali ya lanƙwaso ya sauko, ya fi samun wuri, kuma ba ya yin nisa.

A 1883 ya shiga jami'ar McGill da ke birnin Montreal da niyyar zama limamin coci. A can ne ƙarfin ɗan daji ya yi masa rana. Ya buga ƙwallon zari-ruga, kuma a tsakiya yake tsayawa, wato daidai inda ƙarti ke haɗa kai da kafaɗa suna ture juna. Ya buga ƙwallon ƙafa. Ya buga lakuros, wani wasa na ƴan asalin ƙasar wanda ake yi da sanda mai ɗan raga a kai, kuma duka da sanda a cikinsa ba abin mamaki ba ne. Ya kuma yi fice a wasan alkafura da lilo a kan ƙarafa har ya ci lambobin yabo. Ya samu digiri a 1887, ya wuce makarantar tauhidin Kirista ya gama a 1890. Malamansa da wasu danginsa ba su ji daɗin yadda mai shirin hawa mumbari yake zuwa da kumburarriyar fuska ba. Wata rana ana atisaye, abokin wasansa ya ji zafi ya ɗura ashar, da ya waiga ya ga James sai ya ba shi haƙuri, alhali bai ce masa uffan ba. Daga nan James ya fara tunanin cewa ana iya gyara tarbiyyar matasa a filin wasa kamar yadda ake yi a ɗakin ibada. Saboda haka bai karɓi coci ba, sai ya tsallaka iyaka zuwa Amurka a 1890, ya shiga makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA a garin Springfield, jihar Massachusetts.

A can ma bai huta ba. Ya shiga ƙungiyar zari-ruga irin ta Amurka ƙarƙashin Amos Alonzo Stagg, har kunnensa ya lalace saboda yawan gogayya, ya riƙa ɗaure shi da ƙyalle, daga baya ya ɗinka wata hula mai rufe kunne. Wasu na lissafa wannan hula cikin hulunan kariya na farko a wasan.

A ƙarshen shekarar 1891 ne aka jefo masa aikin da ya sa har yau ake kiran sunansa. Hunturun wannan yanki ba irin sanyin da muka sani ba ne, ƙanƙara kan rufe filaye wata da watanni, ba dama a yi wasa a waje. Akwai wani aji na mutum 18, ba yara ba, manyan samari ne, waɗanda suka gaji da fareti da ɗaga hannu sama da ƙasa a cikin ɗaki. Malamai biyu sun gwada su sun kasa. Shugaban sashen, Dokta Luther Gulick, ya miƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi cikin ɗaki, mai gajiyarwa, mai daɗi, wanda kuma ba zai karya kowa ba.

Da farko ya bi hanya mai sauƙi, wato ya shigo da wasannin waje cikin ɗaki. Ya gwada zari-ruga ba tare da kayarwa ba, samarin suka ce wannan ba wasa ba ne. Ya gwada ƙwallon ƙafa, tagogi suka sha wuya. Ya gwada lakuros, aka tashi da raunuka a hannu da fuska. Kwanaki suna ta tafiya. Sai ya zauna ya ɗauki wasannin ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kansa, wai ina wahalar kowanne take fitowa, kuma me ke kawo rauni a cikinsa?

Ga yadda lissafinsa ya tafi. Wasan ƙaramar ƙwallo yana bukatar sanda ko faranti, ga tsada, ga wuyar koyo, ga haɗari a ɗaki, don haka babbar ƙwallo mai laushi ta fi. A zari-ruga kuwa, me ya sa ake kayar da mutum? Don yana gudu da ƙwallo a hannu, kuma ba yadda za a tsayar da shi sai an rungume shi an maka da ƙasa. To idan aka hana gudu da ƙwallo, dalilin kayarwa ya faɗi. Saura raga. Muddin raga tana tsaye tana fuskantar ɗan wasa kamar ta ƙwallon ƙafa, mai ƙarfin harbi shi ke da riba, kuma ƴan baya za su taru a bakinta su yi katanga, a yi ta karo. A nan ya tuna da wasan jifan dutse na ƙauyensu. Idan aka kwantar da bakin ragar ya kalli sama, aka kuma ɗaga ta ta wuce kan kowa, ƙarfi ba zai yi amfani ba, dole mutum ya cilla a hankali ƙwallo ta lanƙwaso ta faɗa. A ganina wannan ita ce basirar mutumin gaba ɗaya. Bai cire wahala daga wasa ba, ya dai sauya mata mazauni ne, ya ɗauke ta daga ƙirji da kafaɗa ya mai da ita ga ido da yatsu da numfashi.

Ya nemi mai kula da ginin, wani mai suna Stebbins, ya samo masa akwatuna biyu. Ba a samu akwati ba, sai kwanduna biyu na zuba ƴaƴan itace. Aka kafa su da ƙusa a jikin barandar bene, ɗaya a kowane gefe. Tsayin barandar ƙafa 10 ne, wato mita 3 da santimita 5, kuma wannan tsayi da aka samu bisa katari shi ne ake amfani da shi a duniya har gobe. Aka raba ajin tara-tara, aka ɗauko ƙwallon ƙafa, aka buga a watan Disamba na 1891. An tashi ɗaya da nema, wani ɗalibi William Chase ne ya jefa. Da yake gindin kwandon a rufe yake, duk lokacin da ƙwallo ta shiga sai an hau an ciro ta.

Dokoki 13 ya rubuta, aka buga su a jaridar makarantar ranar 15 ga Janairun 1892. Daga ciki akwai hana gudu da ƙwallo, da hana naushinta da dunƙulallen hannu, da hana turi da riƙo da taɗiya. Idan ɓangare ɗaya ya yi laifi uku a jere, sai a ba abokan karawa ci ɗaya. Minti 15 ake yi sau biyu, da hutun minti 5 a tsakani. A littafin da ya rubuta ya nuna cewa dokokin suna manne a allo tun kafin a fara. Amma a wata hira da gidan rediyo a birnin New York ya yi da shi a watan Janairun 1939, wadda aka gano faifanta a 2015, tsohon ya bayyana cewa karon farko dambe aka yi sosai: idanu sun kumbura, kafaɗar wani ta goce, wani ma ya suma, sai bayan nan ya ƙara dokoki. Duk wanda ya san samari 18 a ƙaramin ɗaki da ƙwallo ɗaya, zai fi karkata ga zancen faifan.

Wani ɗalibinsa, Frank Mahan, ya ba da shawarar a sa wa wasan sunan Naismith. Ya yi dariya ya ƙi, aka tsaya a kan ƙwallon kwando. Bai kuma yi rajistar mallakar wasan ba, bai nemi ko sisi daga masu buga shi ba. Da yake ɗaliban makarantar daga wurare daban-daban suke, kuma ƙungiyar tana da rassa a ƙasashe, wasan ya bazu kamar wutar daji. A 1892 wata malama Senda Berenson ta fara koya wa ƴan mata a kwalejin Smith. A 1893 an buga shi a birnin Paris, a 1895 ya isa ƙasar Sin. Jami'o'i ma suka karɓa. A watan Janairun 1896 jami'ar Chicago ta doke ta Iowa da maki 15 da 12, mutum biyar-biyar, kuma a kan biyar ɗin aka daidaita daga baya. Buga ƙwallo da ƙasa ana tafiya ba ya cikin dokokinsa, ƴan wasa ne suka ƙago shi don su zagaye dokar hana gudu. Allon da ke bayan kwando kuwa, an sa shi ne saboda ƴan kallo da ke kan bene suna miƙo hannu suna taimakon nasu.

Shi kuwa mai abin ya riga ya yi gaba. Ya auri Maude Sherman a 1894, suka haifi ƴaƴa biyar. Ya koma birnin Denver a 1895, yana aiki yana karatun likita, ya gama a 1898. A shekarar ce jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi ya jagoranci addu'o'in safe da sashen motsa jiki. Ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ya riƙe ta shekara tara, ya ci wasa 55, aka ci shi 60. Abin dariya, a duk tarihin wannan jami'a, wadda ta ɗauki kofin ƙasa a 1952 da 1988 da 2008 da 2022, shi kaɗai ne kocin da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Bai damu ba. Sau da yawa ma alƙalancin wasan yake yi maimakon ya tsaya bayan yaransa. Lokacin da ɗalibinsa Forrest Allen, wanda ake wa laƙabi da Phog, ya samu aikin koci a wata makaranta, Naismith ya nuna masa cewa shi wannan wasa buga shi kawai ake yi, ba a horar da mutane a kansa.

A nan dai almajiri ya fi malam gaskiya. Allen ya gaje shi, ya yi kaka 39 yana horar da Kansas, ya ci wasa 590. Daga hannunsa Adolph Rupp ya fito, wanda ya ci wasa 876 a Kentucky, da Dean Smith wanda ya ci 879 a North Carolina, kuma shi Smith ɗin ne ya horar da Michael Jordan har suka ɗauki kofi a 1982.

To ina ra'ayin Naismith a gardamar tamu? Ga mamakin mutane, wasan da ya ƙago bai taɓa zama na ɗaya a wajensa ba. Ya ɗauke shi abin ɗebe kewa a lokacin sanyi, ya kuma fi ganin kokowa da wasan alkafura a matsayin abin da ke gina jikin matashi. Masoya kokowa za su ji daɗin wannan, amma kada su yi saurin buga ganga. Da wasu suka fara kukan cewa ƙwallon kwando ta cika wahala, tana iya lalata zuciyar yara, shi ne ya tashi a matsayinsa na likita ya auna ƴan wasa, ya duba lokacin da suke gudu na haƙiƙa da lokacin da suke tsaye, ya nuna cewa ba ta cutar da mai lafiya. Wato a wajensa tambayar ba wane wasa ya fi wahala ba ce kawai, a'a, wace gaɓa yake wahalarwa, kuma me mutum zai fita da shi. Ɗan kokowa yana iya gama aikinsa cikin minti ɗaya, amma a wannan minti duk jijiyar jikinsa tana ɗaure. Ɗan ƙwallon kwando na jami'a yana da minti 40 na gudu da tsayawa da tsalle, sannan a minti na ƙarshe, ƙafa na rawa, dubban mutane na ihu, a ce ya jefa ƙwallo cikin zoben da faɗinsa bai wuce santimita 46 ba. Hakeem Olajuwon ɗan Legas, wanda ya kai jami'ar Houston wasan ƙarshe a 1983 da 1984, da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara, kuma ya sha danganta iya taka ƙafarsa da tamaula. Joel Embiid ɗan Yawunde, wanda ya buga wa Kansas a kakar 2013 zuwa 2014 a kan filin da ke ɗauke da sunan Naismith, shi ma daga ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa ya fito.

A 1916 ya yi aikin limamin sojoji a kan iyakar Amurka da Meziko, daga 1917 ya yi aiki da YMCA a Faransa lokacin yaƙin duniya na farko. Sai a 1925 ya karɓi takardar zama ɗan Amurka.

Wani abu da ya kamata a yaba masa shi ne yadda ya riƙe John McLendon, wani ɗalibi baƙar fata da ya shiga Kansas a shekarun 1930, lokacin da wariyar launin fata ta hana shi buga wa ƙungiyar jami'ar. Naismith, yana tsoho, ya jawo shi jiki ya koya masa sirrin wasan. McLendon ya zama babban koci, ya shahara da salon kai hari da gudu ba tsayawa, ya kuma ɗauki kofi sau uku a jere, 1957 da 1958 da 1959, da makarantar baƙaƙen fata ta Tennessee A&I. Kofin kuwa na gasar ƙananan kwalejoji ne ta birnin Kansas City, wadda shi Naismith yana cikin waɗanda suka assasa ta a 1937.

A 1936 aka shigar da ƙwallon kwando cikin wasannin Olamfik a birnin Berlin na Jamus, bayan Allen ya daɗe yana fafutuka. Mai wasan ba shi da kuɗin jirgi. Ƙungiyar kociyoyi ce ta yi masa karo-karo daga kuɗin ƙofa na wasanni har aka tara guzuri. Yana da shekara 74 ya ga ƙasashe 21 suna buga wasansa, har da Masar daga nahiyarmu, kuma shi ya cilla ƙwallon farko tsakanin Faransa da Estoniya. A fili aka buga, a kan turɓaya. Ranar wasan ƙarshe ruwa ya sauko, wuri ya zama taɓo, ƙwallo ba ta tashi idan an buga ta da ƙasa. Amurka ta doke Kanada da maki 19 da 8, wato ƙasar da ya zauna ta doke ƙasar da ta haife shi, Meziko ta zo ta uku, shi kuma ya miƙa lambobin.

Matarsa Maude ta rasu a 1937. A watan Maris na 1939 aka yi gasar jami'o'i ta farko, uwar wannan da ake rububi a kanta, da makarantu 8 kacal. Oregon ta doke Ohio State da maki 46 da 33 a garin Evanston. Ƴan kasuwa za su so jin cewa a wannan karo faɗuwa aka yi, ta kusan dala 2,500, har ƙungiyar kociyoyi ta miƙa ragamar ga hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA. An kai makarantu 64 a 1985, aka kai 68 a 2011. A 2010 kamfanonin talabijin na CBS da Turner suka sa hannu a kan dala biliyan 10.8 don nuna gasar na shekara 14. Su kuwa ɗaliban da ke zubar da gumi, an daɗe ana hana su karɓar ko kwabo in ban da kuɗin makaranta, kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi, sai a 2021 aka yarda su ci moriyar sunansu ta hanyar talla.

Naismith bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya sake aure a tsakiyar 1939, a watan Nuwamba jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ranar 28 ga watan a gidansa da ke Lawrence yana da shekara 78, wata takwas bayan gasar farko. A garin aka binne shi. Littafinsa kan asalin wasan ya fito a 1941, kuma gidan tarihin gwarzayen ƙwallon kwando da ke Springfield sunansa yake ɗauke da shi.

Takardu biyu da aka buga dokokin nan 13 da keken rubutu sun zauna a hannun iyalinsa har zuwa watan Disamba na 2010, lokacin da aka yi gwanjonsu a kamfanin Sotheby's na New York don tallafa wa gidauniyar agaji ta iyalin. Wani attajiri tsohon ɗalibin Kansas, David Booth, da mai ɗakinsa suka saye su a kan dala miliyan 4.3. Tun 2016 suna ajiye cikin gilashi a wani gini da aka yi musamman dominsu, jingine da zauren wasan jami'ar.